Rabon Inna da kuɗin hanya

Iyayena da yayyena na asusun Tanut, Balbeji, Gangara da Olelewa. Ƴarku ce ke gaishe ku daga garin Setif na ƙasar Aljeriya, inda nake karatun aikin gona, shekara ta uku ke nan.

An ba mu hutun sati biyu na ƙarshen Disamba. Ƴan ƙasa duk sun ɗaure kayansu sun tafi wurin iyayensu, gidan kwanan ɗalibai ya yi tsit, sai mu baƙi: ƴan Nijar, ƴan Mali, ƴan Cadi da wasu daga nesa. Garin bisa tudu yake, ya haura mita 1,000, ƙanƙara na sauka fara fat kamar an zazzage buhun auduga. In na ce ma Inna ana sanyi, sai ta ce ai nan ma hunturu ya sauko, har ƙafa na tsagewa. Sai in ce to. Hunturun Damargu in hantsi ya yi ka fita ka sha rana ka ji daɗi. Ta nan, ranar ma sanyi gare ta.

Mu can gida sabuwar shekarar nasara ba ta dame mu ba. Abin da muka sani a wannan lokaci shi ne bikin 18 ga Disamba da kokowar takobi. Nan ma a waya muke kallon kokowar, mu cushe a ɗaki ɗaya da bargo, wata ƴar Dosso tana cika mana kunne da Issaka Issaka. Amma in an watse, ba darasi, ba hayaniya, mutum sai ya shiga lissafi. Ni kuwa a gindin akwatin asusu na girma, lissafi iri ɗaya na iya: masu makulli uku su buɗe a gaban kowa, a zube kuɗi bisa tabarma, a ƙirga da ƙarfi. Wannan tsari na Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991 tare da ƙungiyar CARE ya yi nisa fiye da yadda muke zato. Wata ƴar Mali da muke aji ɗaya ta ce mani uwarta ma na da irin akwatin, har da kwaɗo uku. To bari in zube nawa lissafin a gabanku.

Karatu da ɗaki ba mu biya ba, tallafi ne na samu bayan na ci bak. Amma tallafi ba ya yi maka fasfo, ba ya kai ka Yamai daga Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ba ya saya maka rigar sanyi. Duk wannan ya ci jika 150. Inna ta zuba rabonta na shekarar, ta saida rago guda da take turkawa don layya, sauran jika 60 ta ɗauka bashi cikin akwati. Da fura da cuku ta biya shi, wata biyar tana yi. Abin da ya fita ke nan. Abin da ya shigo daga wurina cikin shekara uku kuwa: ɗankwali biyu, kwalin dabino da wata ƴar'uwa ta kai mata, da murya a WhatsApp. Abin da ake ba ɗalibi na ci da sabulu ne, kuma kuɗin nan, dinar, ba ya fita ƙasa da sauƙi irin yadda ake tura sefa daga Yamai zuwa Tanut. Sai ka bi ta hannun ƴan kasuwa, su ma su cire nasu.

Duk da haka a unguwa Inna ta zama uwar mai waje. In ana biki, gudummawarta ake leƙawa. In wata ta rasa kuɗin magani, ƙofarta take fara bugawa: “Ai ƴarki na waje.” Kalmar nan ta waje ta haɗa mutane da yawa cikin buhu ɗaya. Ta haɗa ɗan kasuwar da ke da shago a Tamanrasat, da ɗalibi mai takarda, da yaron da ke ɗaukar bulo yana kwana cikin ginin da ba a rufe ba, da matar da ke zaune bakin titi da kwano.

Irin wannan mata ita ce ta tsaya mani a rai bana. Cikin watan Nuwamba ne, kusa da maɓuɓɓugar ruwan nan ta tsakiyar gari da suke kira Ain El Fouara, na ji ana tsawata ma yaro da Hausa, Hausarmu sak. Na juya, mace ce da goyo da wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, takalmin roba cikin wannan sanyi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce daga wajen Kance take. Abin da ta fara tambayata shi ne ko na ji nawa tiyar hatsi take a gida. Muka jima. Na ce, “Iya, ba ki koma gida haka nan? Sanyi bai ma fara ba.” Ta dube ni ta ce, “Ɗiyata, da bashi na taho. In koma in ce masu mi?” Ban sake ganinta ba. Ko ta canza gari ne, ko an kwashe su, Allah masani.

Kun san labarin hanyar, wasunku sun fi ni sani. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 suka mutu da ƙishirwa kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara. Tun ƙarshen 2014 ake kwaso ƴan Nijar daga garuruwan Aljeriya ana maida su gida. Namu a manyan motoci ake kawo su Asamaka. Ƴan wasu ƙasashe kuwa a kan sauke su cikin rairayi, su taka kusan kilomita 15 kafin su ga garin. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, da ke ƙirga masu isowa, ta ce a 2024 kaɗai sun haura mutum 30,000. Gaskiya ne a watan Nuwamba na 2023 an soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙi zuwa arewa, direbobin Agadas sun koma aiki a fili. Amma dokarmu ce aka soke. Ta ƙetaren iyaka tana nan, mai shiga ba takarda kullum a ɓoye yake.

Kada ku ce ƴar boko ta samu wuri ta zo tana hana mutane nema. Damargu ƙasar matafiya ce tun kakanni. Ayarin Kano zuwa Tarabulus ta nan yake bi, Buzaye na kawo gishirin Bilma da dabino su koma da hatsinmu. Damina wata uku ce, in ta yi kyau. Saurayi ya gama girbi a Oktoba, ya zauna har Yuni yana kallon me? Cin rani ba abin kunya ba ne. Na san gidajen da kuɗin Libiya da na Tamanrasat suka sa masu rufin kwano, suka sayi amalanke da jaki, har da babur na haya. Maganata a kan kuɗin hanya take, daga ina yake fitowa, kuma wa ke ɗaukar nauyin in abu bai yi ba.

Maganar ta shigo har cikin gidanmu. Ƙanena shekararshi 19. Gonarmu bana ba ta yi ba, abin da aka sa a rumbu ba ya kai mu damina. Abokanshi biyu na Tamanrasat suna aikin gini, suna turo hotuna da sabbin takalma. Ƙungiyar su Inna za ta yi rabo kafin azumi. Shi yana son ta ba shi rabon duka, in bai isa ba ta ƙara da bashi in an buɗe sabon zubi. Sati biyu da suka wuce Inna ta aiko mani da murya, ta yi gaisuwa mai tsawo kamar yadda ta saba, can a ƙarshe ta ce, “Ke da ke can, mi kika gani?”

Na kwana biyu ban amsa ba. Da na tashi amsawa, tambayoyinku na ara. In mace ta ce tana son bashi ta turka rago, ai ba a miƙa mata kawai. Shugaba na tambaya: nawa za ki saye shi, ina dussa, wace kasuwa za ki kai, yaushe kuɗi ke dawowa? Kuma ragon yana tsakar gida, duk mai wucewa na ganin ko ya yi ƙiba ko ya rame. In ya yi tari a kira mai duba dabbobi. In abu ya ɓaci ma a yanka a saida nama, a tsira da rabi. Ɗan da ya wuce Arlit fa, wa ke ganinshi? A ƙungiyar su Inna ribar bashi ɗaya bisa goma ce kowane wata. A ce an ɗauki jika 100. Kowane wata jika 10 na hawa, tun yaro na zaune a tashar Agadas yana jiran mota ta cika. Kafin ya isa, ya samu mai ɗaukarshi aiki, a biya shi na farko, ya samu amintaccen da zai kawo, a ce wata uku, an yi sauri ke nan. Jika 30 ta tafi, uwar kuɗi na nan. In kuma aka kama shi a wurin aiki, da rigar jikinshi ake kawo shi Asamaka, wani lokaci ko wayar ba ya tsira da ita. Bashin kuwa bai san an kama kowa ba. Yana kan uwar, ranar taro za a kira sunanta.

Kuma kuɗin akwati ba na Inna ba ne ita kaɗai. Akwai na Gwaggo mai ƙosai, akwai na bazawarar da ke zuba dala 50 kowane sati da kuɗin tabarmar kaba. Shekara guda cur take yi kafin ta tara jika 13. Shi ya sa ni dai, in da za a tambaye ni a taro, sai in ce rabo daban, bashi daban. Rabo guminki ne, in kin ga dama ki ba ɗanki, ba mai cewa don me. Ko shi ɗin, na roƙi Inna ta fidda na iri da na zubin watannin farko tukuna, don kada a wayi gari ɗa na hanya, ita kuma ta fita daga asusu. Amma bashin akwati ya tsaya ga abin da ido ke gani.

Na kira ƙanena na faɗa mashi haka. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Yaya, ke ma ai da bashin akwati kika tahi.” Wallahi na rasa ta cewa na ɗan lokaci, don gaskiya ya faɗa. Na ce mashi ni da takarda na shigo, an san inda nake kwana, an san ranar da zan gama. Ya ce, “To in kin gama, aiki na jiran ki?” Nan ma ya kama ni. Kowa ya san masu digiri nawa ke zaune a Damagaram da Yamai suna jiran a buɗe jarrabawar ɗaukar aiki. Abin da na iya ce mashi kawai shi ne, ranar da Inna ta ɗauki jika 60 ɗin nan, ta san da furarta za ta biya, ba ta dogara da abin da zan aiko ba. Shi kuma lissafinshi duka a kan abin da zai aiko ya tsaya. Ya yi shiru, amma na san shirun ƙanena, ba na yarda ba ne.

Akwai wani abu da nake so ku duba, tunda kowace ƙungiya na da ɗan kuɗin taimako na rashin lafiya da rasuwa. Waɗanda ake maidowa, da yawa suna maƙalewa a Arlit ko Agadas, ba don sun rasa hanyar gida ba. Kunya ce ke riƙe su, da tsoron bakin mutane. Wasu daga nan suke sake juyawa arewa da sabon bashi. In ɗan wata daga cikinku ya kira daga can, me zai hana a fidda kuɗin mota zuwa Tanut daga wannan asusu, kamar yadda ake yi ma wadda za a kai likita? In ya iso kuma a ce mashi sannu da hanya, a ba shi ruwa, a bar tambayar me ya kawo. Matar nan ta Kance, da ta san haka za a tarbe ta, ina jin da sanyin Setif bai same ta a titi ba.

Su kuma ƴaƴanku da ke waje, in sun kira, kada ku tsaya ga “lafiya lau”. Duk wanda ke nesa lafiya lau yake cewa, don kada hankalin uwa ya tashi. Ku tambaye shi ina yake kwana, su nawa ne a ɗakin, an biya shi na watan jiya, me ya ci yau. Inna ta iya wannan. Har nawa ne kuɗin burodi sai da ta tambaye ni, ta maida shi dala, ta ce to ba laifi.

Saura shekara da rabi in gama in Allah Ya yarda. Abin da nake karantawa yanzu a kan ajiyar hatsi da wake ne, yadda za a hana ƙwari cinye rabin buhu kafin bazara, kuma ina da niyyar in zo in zauna da ku bisa tabarma mu yi maganar, in kun ba ni wuri.

Maganar rabo kuwa Inna ba ta yanke ba tukuna. Ta ce sai an buɗe akwati ta ga abin da ya zo hannunta. Ƙanena dai na ji ya riga ya je tasha ya tambayo kuɗin motar Agadas.