Daren da jita ta yi mini magana a Agadas

Tun daga Tanut ƙasa ta fara sauya mini kama. Mu mutanen Kwaya idonmu ya saba da gawo da kuka da karan gero, duk inda ka waiwaya akwai gona ko rumbu. Amma da motar da na shiga a tashar Damagaram ta wuce Adarbisinat, sai fili fetal, babu inda ido zai huta sai raƙuma jefi-jefi. Tafiyar ta haura kilomita 400. Da la'asar sakaliya wani dattijo da ke kusa da ni ya taɓa kafaɗata, ya ce, "Ɗana, ga Agadas can." Na ɗaga kai, sai ga hasumiyar babban masallaci ta tsaya ja wur a kan gari.

Washegari na je gindinta. Laka ce zalla, mita 27, itatuwa sun fito ta jikinta ta ko'ina kamar ƙayar bushiya. An gina masallacin a 1515, aka sake ɗaga shi a 1844, kuma tun 2013 UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. A garinmu magini in ya kai katanga tsawon mutum biyu sai a zo kallo. Na daɗe ina shafa laka, ina tunanin hannuwan da suka kwaɓa ta.

Zumunci ne ya kai ni, wajen ɗan kawuna da ke ɗinki a can. Ban je don kiɗa ba. A dare na uku ya ce in sa riga, akwai biki a unguwarsu. Na ɗauka zan tarar da kalangu da maroƙa. Da muka isa, an tare lungu da tabarmi da kujeru, injin wuta na ruri a gefe, samari uku rataye da jita, na huɗu a bayan jerin ganguna na ƙarfe. Maza sun naɗa rawani har hanci, wasu na turkuɗi mai ƙyalli, irin wanda ake rinawa a Kura ta ƙasar Kano. Mata sun ci ado, suna tafi suna guɗa.

Da suka fara kaɗa tsirkiya sai kaina ya ɗaure. A wurinmu mawaƙi ne gaba, ƴan amshi na bin sa, kiɗa na rakiya. A nan mai waƙa ya yi ɗan baiti biyu da Tamajak ya ja baya, jita ta karɓe magana. Ta hau, ta sauko, ta yi kamar za ta tsaya sai ta sake zabura, ɗaya na jan zare, ta biyu na saƙa a kansa, ta uku na riƙe da gindi. Ina ta jiran a ambaci sunan uban ango a yi masa kirari, shiru. Ban san lokacin da na daina jira ba. Sai dai na ga ƙafata na bugun ƙasa, ƙura ta turnuƙe, wani tsoho mai furfura ya fito fili yana juya hannayen babbar rigarsa a hankali kamar mikiya.

Da safe na tambayi matar mai gidan da ɗan kawuna ke haya, na ce, "Inna, wannan bugu da na ji jiya, kamar na san shi, kamar ban san shi ba." Ta yi murmushi, ta nuna turmin da ke tsakar gida. Ta ce tende ke nan: turmi ne ake ɗaure wa fatar akuya a baki, a jiƙa ta da ruwa, mata su kewaye suna bugawa suna tafi, maza na zagayawa da raƙuma. Wannan takun raƙumi shi samarin suka ɗauke suka ɗora a kan tsirkiyar ƙarfe. Turmi fa, irin wanda ke kowane gida a Kwaya!

Daga nan kunnena ya buɗe. A shagunan da ake tura waƙa a waya na fara jin sunaye. Abdallah Oumbadougou, wanda ya share wa jitar Abzinawan Nijar hanya, ya rasu a 2020. Bombino, da ya yi wasa a gindin wannan masallaci a 2010, faifansa Deran na 2018 ya shiga takarar Grammy, abin da ɗan Nijar bai taɓa samu ba kafin shi. Etran de L'Aïr, ƴan gida ɗaya da suka tashi a kiɗan biki tun 1995, yau suna zagaya Turai da Amurka. Wanda ya fi burge ni Mdou Moctar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinanmu na Hausa. Ashe da hannunmu a ciki.

Amma abin da ya hana ni barci a wata rumfar gyaran sifika na same shi. Mai rumfar dattijo ne, ya yi zamani da makaɗa, ga dalma da wayoyi zube a gabansa, shayi na tafasa a kan gawayi. Da ya ga ina yawan tambaya sai ya ce, "Malam, ka ji namu. Zauna ka ji abin da wani ya yi da wannan icen na jita a can nesa." Ya sa faifan Secret Story na Pat Metheny, Ba'amurke makaɗin jaz, wanda ya fito a 1992 ya kuma ci Grammy.

Na sa kunne ina jiran jita. Muryoyi ne suka fara tasowa, siraran muryoyi masu amshi, na ƙasar Kambodiya, kai ka ce yara ne ke tilawa da asuba a wata tsangaya mai nisa. Can ƙarƙashinsu sai wani sauti ya kumbura kamar hadarin Agusta yana haɗuwa daga gabas. Na ce, "Baba, wannan mene ne?" Ya ce goge ne. Na ce goge ba ya haka. Ya ce goge gomomi ne, ƙanana da manya, wani ma sai an jingine shi a ƙasa, makaɗan Landan ne, kowa da takarda a gabansa, mutum guda na tsaye yana ba su hannu. Ni da na san goge ɗaya kan cika dandali, na kasa kwatanta gomomi suna numfashi tare.

Sai jitar ta shigo, a natse, ba hayaniya, kamar baƙon da ya yi sallama ya jira a amsa. Dattijon ya riƙa nuna mini da yatsa: wannan mai ƙananan ganguna da karkarwa Naná Vasconcelos ne daga Barazil, wannan busa mai kama da kuka ta Toots Thielemans ce daga Beljiyam, wannan muryar mace Akiko Yano ce daga Japan. Kashi 14 ne, sama da sa'a guda, kusan duka babu kalmar da zan riƙe. Duk da haka na ji labari: an tashi, an yi nisa, an yi rabuwa. A ƙarshe-ƙarshe, inda gogunan suka rage su kaɗai da jitar, mahaifiyata ce ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta. Shayina ya huce ban sha ba.

Na tambaye shi mene ne jaz ɗin. Ya ce, ka san yadda mai kalangu ke barin bugun da aka saba ya yi tasa maganar, sannan ya dawo daidai inda ya bar ƴan uwansa? To shi ke nan. Ya ƙara da cewa ɗan Afirka ma ya hau wannan dutse: Toumani Diabaté na Mali ya zauna da abin kiɗansa, kora, gaban manyan makaɗan Landan a 2008, aka fitar da faifan a 2021 da sunan Kôrôlén.

A hanyar dawowa ina ta lissafin namu. Kakaki da algaita da tambari na fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla. Gurmi, kukuma, garaya, duman girke, sarewar makiyaya, gangar noma da ke tayar da gayya. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar a jiharmu, wanda ya je bakin tafkin Cadi ya koyo biram mai tsirkiya biyar don kada ta ɓace, ya kai ta Turai kafin rasuwarsa a 2018. Ban taɓa jin an tara waɗannan duka a faifai guda, an ba kowanne wurinsa yadda na ji a rumfar nan ba.

Na sauka Magarya da katin waya cike da kiɗa, na fara kunna wa wani mai gurmi na garinmu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in mayar daga farko. Samarin Damagaram da Magarya da Dungas masu taɓa jita da kwamfuta, tsofaffin makaɗan nan suna raye, kuma ƙofarsu a buɗe take. Ku je ku gaishe su da na'urar ɗaukar murya a hannu.