Littattafan Japananci na kyauta: inda na yi asara da inda na dace

Idan kallon anime ya ja ka har ka fara koyon Japananci, akwai ranar da za ka gaji da gajerun jimlolin manhajar koyo, ka ji kana son karanta littafi na gaske a wayarka. Tawa ranar ta zo bayan na yi wata takwas ina fama da hiragana da katakana da 'yan kanji da ba su wuce ɗari biyu ba. Na shiga wani babban shagon littattafai na Japan a intanet, na ga littafin da nake so an sa masa farashi yen 0. Na latsa da murnata, sai aka ce ba a bayar da shi a ƙasar da nake.

Na san abin da ya zo maka a rai, shi ɗin na yi. Na kunna VPN, na zaɓi Tokyo, na buɗe sabon asusu da adireshin wani otal da na kwafo daga taswira. Ya yi aiki kuwa. Kwana biyu ina jin kaina gwani, har na sayi katin kyauta na yen a hannun wani don in ɗauki juzu'i na biyu, tunda katin bankina na naira ya ƙi shiga. Rana ta uku VPN ya yanke ina tsakiyar saye, shagon ya gane inda nake, aka rufe asusun. Kuɗin katin da littattafan duk suka tafi tare, domin littafin irin waɗannan shaguna a ɗaure yake da asusunka, ba za ka iya kwafe shi ka ajiye gefe ba. Kuma ba ni da bakin ƙorafi, ni na yi ƙarya a adireshi.

Sai daga baya na gane katanga biyu ce a gabana, ni kuwa ina ɗaukar su ɗaya. Ta farko ita ce haƙƙin mallaka, wato doka. Ta biyu ta kasuwanci ce: kamfanin ɗab'i yana sayar da izinin littafi ƙasa-ƙasa, shi ya sa shago yake duba inda kake, da ƙasar katinka, da adireshinka. VPN abu ɗaya kawai yake ɓoyewa a cikin ukun nan. Haka abin yake a Play Store ma, wasu manhajojin karatu na Japan ba za su fito maka ba sam, kuma sauya ƙasar asusunka ba abin wasa ba ne, don Google ba ya barin ka ka yi ta sauyawa yadda ka ga dama.

To ina mafita? Wajen da babu katangar ko ɗaya.

Ka fara da Aozora Bunko. Ɗakin karatu ne na intanet da aka kafa a 1997, 'yan sa-kai ne ke buga tsofaffin littattafai da hannu, wasu su bi su duba kuskure. Ayyukan da ke ciki sun haura 15,000. Ba rajista, ba kati, ba ruwansu da ƙasarka, kuma rubutu ne zalla, don haka ba ya cin data sosai. A nan za ka samu Natsume Soseki wanda ya rasu a 1916, da Akutagawa Ryunosuke (1927), da Miyazawa Kenji (1933), da Dazai Osamu (1948). Na kawo maka shekarun rasuwarsu da gangan, don su ne makullin komai.

Ga yadda lissafin yake. Da can a Japan, littafi yakan zama na kowa idan marubucinsa ya shekara 50 da rasuwa. Ranar 30 ga Disamba 2018 aka mayar da wa'adin shekara 70, saboda yarjejeniyar kasuwanci ta ƙasashen da ke kewaye da tekun Fasifik. Waɗanda suka riga suka fita ba a mayar da su ba, wato duk wanda ya rasu a 1967 ko kafin nan. Amma wanda ya rasu a 1968, kwana biyu kacal ya rage ayyukansa su fita aka rufe ƙofa, yanzu sai 2039. Mishima Yukio da ya rasu a 1970 sai 2041. Kawabata Yasunari, Bajapanen farko da ya ci kyautar Nobel ta adabi, sai 2043. Saboda haka duk shafin da ya ce maka yana da littattafan Mishima kyauta, kayan sata ne yake rabawa.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu kai tsaye. Dokar Najeriya ma shekara 70 take ƙirgawa bayan rasuwar marubuci. Ɗauki Tanizaki Junichiro: ya rasu a 1965, ayyukansa sun fita a Japan tun 2016 kuma suna nan a Aozora, amma a lissafin 70 sai ƙarshen 2035 zai cika. In kana da burin fassara wani labari zuwa Hausa ka sa a shafinka, wanda ni ma burina ke nan, zaɓi irin su Soseki da Akutagawa da suka tsallake lissafin biyu. Kuma ka fassara daga Japanancin, don fassarar Turanci tana da nata haƙƙin daban, na wanda ya fassara.

Matsala biyu za ka ci karo da su a Aozora. Idan ka sauke fayil ɗin rubutu ka buɗe ka ga wasu alamomi kamar tsafi, wayarka lafiya lau take. An adana shi ne da tsarin haruffa mai suna Shift_JIS, manhajarka kuma tana karanta shi a matsayin UTF-8. Ka sauya tsarin a saitin manhajar, ko ka huta ka buɗe littafin kai tsaye a burauza, inda har ƙananan haruffan furigana za ka gani a saman kanji suna nuna maka yadda ake furtawa. Na biyu, wasu littattafan da tsohuwar ƙa'idar rubutu ta kafin 1946 suke. Duba kusa da sunan littafin, ka zaɓi wanda aka rubuta 新字新仮名, ma'ana sabbin haruffa da sabuwar ƙa'ida. Na yi mako guda ina zaton kaina ne ya toshe kafin na gano wannan.

Gaskiyar magana, Soseki ya fi ƙarfin ɗan koyo. In yanzu ka fara, nemi littattafan kyauta na ƙungiyar Tadoku, an jera su mataki-mataki tun daga na wanda bai iya komai ba, da hotuna. In kuma labaran zamani kake so, akwai shafin Shosetsuka ni Naro, inda marubuta ke sa labaransu da kansu kyauta tun 2004. A can Re:Zero da Mushoku Tensei suka faro kafin su zama anime.

Masu son manga kuma, Shueisha na da MANGA Plus tun 2019, yana buɗewa a nan ba tare da wata dabara ba, babin farko-farko da na baya-bayan nan kyauta. Sai dai fassara ce zuwa Turanci da Faransanci da wasu harsuna, ba zai taimaki Japanancinka ba. Abin dariya, shi wannan mutanen Japan ne aka toshe wa. Shafukan satar manga kuwa, ban da tallace-tallacen banza da ke cika waya, ka tuna da Mangamura: an rufe shi a 2018, mai shi ya sha ɗauri, a 2024 kuma kotu a Tokyo ta ce ya biya kamfanoni uku diyyar kusan yen biliyan 1.7.

Ni dai da Gon-gitsune na Niimi Nankichi na fara a Aozora, gajeren labarin wani dila da ake koya wa 'yan firamare a Japan. Yaro ɗan aji huɗu zai gama shi a zama ɗaya. Ni kwana goma sha ɗaya ya ɗauke ni, da ƙamus a buɗe a ɗaya rabin allon wayar.