Buhun Fulawar Da Ya Ba Da Shaida A Santiago

Daga Bangi zuwa Santiago, babban birnin ƙasar Chile, kwana uku na yi a hanya: mota zuwa Kontagora, wata motar zuwa Abuja, sannan jirgi ta Addis Ababa da Sao Paulo. Na baro gida damina na ban kwana, na tarar su kuma yanzu suke fita daga hunturu. Taron noma ne ya kai ni, kuma ba labarinsa zan ba ku ba. Abin da ya tsaya mini a rai wasu 'yan ƙyallaye ne da na gani ranar da aka ba mu hutu.

A kan titin Matucana akwai wani gidan tarihi da aka gina don tunawa da waɗanda mulkin soja ya ci. Shugaba Michelle Bachelet ce ta buɗe shi a Janairun 2010. Ita ma ta ɗanɗana: mahaifinta, janar na sojan sama, a tsare ya rasu a 1974, aka kuma kama ta tare da mahaifiyarta a shekarar da ta biyo. Mafarin abin shi ne 11 ga Satumba 1973, ranar da jiragen yaƙi suka yi wa fadar shugaban ƙasa ruwan bama-bamai, Janar Augusto Pinochet ya kifar da Salvador Allende, ya zauna har 1990. Sama da mutum 3,000 aka kashe ko aka ɓatar.

Ɓatarwar nan ita ce ta fi ciwo. A zo tsakar dare a ɗauki mutum. Matarsa ta je wurin 'yan sanda a ce ba a san shi ba, ta je bariki a ce wataƙila ya gudu da wata. Babu gawa, babu kabari. Ga ta ba miji, kuma ba ta da halin shiga takaba.

A layin neman labari matan nan suka san juna. Tun 1974 suka fara haɗuwa a inuwar coci, daga baya a ƙarƙashin ofishin agaji da Kadinal Raúl Silva Henríquez ya kafa a 1976. Buƙatar farko ta ciki ce, domin an tafi da mai cefane. Sai suka riƙa yanka buhun fulawa, girmansa bai wuce matashin kai ba, suna ɗinka masa tsumma kala-kala, da 'yan tsana masu gashin zare. Suna kiran ɗinkin arpillera, wato algarara a harshensu.

Daga nesa sai ka ce adon ɗakin amarya. Ga duwatsun Andes, ga rana ta fito jajir, ga gidaje masu launi. Sai ka matso. Wannan motar ta sojoji ce. Waɗancan matan sun ɗaure kansu da sarƙa a shingen wani ginin gwamnati. Can kuma ƙatuwar tukunya ce da 'yan unguwa ke haɗa abin da suka samu su dafa tare. A saman wasu an ɗinka tambaya guda: "Ina suke?" Yarinyar da ke mana tafinta ta ce wasu matan daga rigar ɗansu ko wandon mijinsu suka yanki ƙyallen, wasu kuma suna yin ɗan aljihu a baya su cusa takarda mai bayani. Na daɗe a tsaye. Zaren ba madaidaici ba ne, hannun wadda ta koyi ɗinki da girma ne, irin facin da Goggona ke yi wa zanen gado.

Raini ne ya taimake su. Jarida tana ƙarƙashin takunkumi, amma wane soja ne zai tsaya karanta ɗinkin tsohuwa? Coci na saye, ana fitar da su a akwatunan matafiya zuwa Turai da Amurka. Kafin gwamnati ta farga ta fara kiransu cin amanar ƙasa, ƙyallayen sun riga sun kai labari inda ba a so ya kai. Har rawar gargajiyar ƙasar, cueca, wadda mace da namiji ke yi tare, matan sun juya ta: tun 1978 mace kan fito fili ta taka ita kaɗai, hoton wanda aka ɗauke maƙale a ƙirjinta.

Ba zan ce allura ce ta sauke Pinochet ba. Ƙuri'ar 5 ga Oktoba 1988 ce ta yi wannan aiki, kuma ya mutu a 2006 ba tare da kotu ta yanke masa hukunci ba. Har yau sama da mutum 1,000 ba a san makwancinsu ba. Amma duk wanda ya ce abin bai faru ba, ga buhun fulawa nan rataye yana ƙaryata shi.

Mu 'yan Jihar Neja ba baƙin kaki ba ne, tunda Minna kaɗai ta ba ƙasar nan shugabannin soja biyu. Mun ga bulala da tsallen kwaɗo a 1984, mun ji yadda aka harbe Kudirat Abiola a Legas ranar 4 ga Yunin 1996. Matanmu ma ba su yi shiru ba, sai dai habaicinsu a waƙar daka da ta niƙa yake, iska ta kwashe tare da ƙaiƙayi. Yau masu zuwa tsakar dare a ƙauyukanmu na Mariga 'yan bindiga ne, amma tambayar iyaye mata ita ce dai wadda na gani a Santiago.

Don haka, iyayena da yayyena, wadda ke riƙe da rigar wanda aka ɗauke kada ta ba da ita sadaka tukuna. Ta yanki ƙyalle, ta ɗinka sunansa da garinsu da ranar da aka tafi da shi, ta ajiye a ƙasan adaka.