Ramar Da Ake Yaba Wa: Abin Da Na Koya Daga Matan Japan

A wannan watan zan kai ki nesa, can ƙasar Japan, inda abinci bai yi ƙaranci ba, amma 'yan mata da yawa suke kwana da yunwa da gangan.

Binciken lafiya da gwamnatin ƙasar ta gudanar a 2019 ya nuna cewa kusan mace 1 cikin 5, daga 'yan shekara 20 zuwa 29, nauyinta bai kai yadda ya kamata ba. Ba kowace siririya ce mai ciwo ba, amma inda ake yabon rama, nan cutar da likitoci ke kira anoreksiya take samun maɓoya. Sai yarinya ta riƙa tsoron abinci, tana ganin ta yi ƙiba alhali ƙashi ne da fata. Wata kuma ta ci ta ƙoshi, sannan ta ɓuya ta amayar. Ita ce bulimiya.

Akiko Suzuki, gwanar wasan zamiya a kan ƙanƙara, ta rame har ta koma kilo 32, ta dakatar da shiga gasa a 2003. Da ta samu magani, sai ga ta tana wakiltar ƙasarta a wasannin Olamfik na 2010 da 2014. Ashe ana warkewa.

Abin bai tsaya kan 'yan mata ba. Kusan jariri 1 cikin 10 a Japan ana haihuwarsa bai kai kilo 2.5 ba, har a 2021 ƙungiyar likitocin mata ta ƙasar ta ƙara yawan nauyin da ake so mai ciki ta samu.

Me ya sa abin ya tsaya mini a rai? Na taɓa koyar da wata yarinya a Islamiyya, kullum aka kawo abin taɓawa sai ta ce tana azumi. Ni kuwa na yi ta yaba mata a gaban aji. Sai ranar da ta yanke jiki ta faɗi, mahaifiyarta ta gaya mini al'adarta ta ɗauke wata da watanni, kuma tun da ƙawaye suka tsokane ta da ƙiba ta ƙaurace wa tuwo. Wallahi har yau ina jin nauyin yabon nan.

Don haka 'yar'uwa, ki kula da kwanon 'yarki, ki kuma kula da harshenki a kan jikinta. In kin ga rama, da yawan jin sanyi, da zubar gashi, kada ki yi faɗa, ki kai ta asibiti.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.