Tsagar da Ke Ƙarƙashin Fenti

Itace ko an sare shi shekara hamsin bai daina motsi ba. Da damina ya sha danshi ya kumbura, da hunturu iska ta tsotse shi ya tsuke. Ƙarfe kuwa bai san wannan ba. Duk inda aka haɗa su biyun aka ɗaure, kamar a jikin bindiga, wata rana sai itacen ya nemi hanya, hanyarsa kuwa ita ce tsagewa.

A gidanmu akwai bindigar toka, irin wadda ake ɗurawa ta baki, wadda wasu ke kira harbi-ka-ruga. Turawa suna kiranta da sunan mutanen Denmark, saboda fataken ƙasar da suka yi ta sayar da irinta a gaɓar tekun Ghana ta yau. Tamu dai maƙerin gida ne ya ƙera wa kakanmu. Bayan rasuwarsa ta koma hannun Kawu, wanda duk sallah yake fita cikin masu buga bindiga a gaban sarki. A da su ake nufi idan aka ce 'yan bindiga. Yau kalmar ta koma kan waɗanda suka hana mutane barci a ƙauyuka, har Kawu ya daina faɗin ta a gaban baƙi. Lasisinsa na 'yan sanda, wanda dokar bindigogi ta 1959 ta tanada, yana ninke a cikin jakar albarushi.

Wani hunturu tsaga ta bayyana a wuyan ƙotar, daidai inda hannu ke kamawa a bayan kunama. Nan ne wuri mafi siranta, nan ne kuma duk ƙarfin harbi ke bi kafin ya isa kafaɗa. Sallah ta matso, sai ɗan Kawu ya kawo shawarar a cike wurin da garin katako da Super Glue, a bi da fenti, ba mai ganewa. Kawu ya ce, “Kai yaro, ba ido nake tsoro ba. Ran da ta karye, fuskata za ta fara samu.”

Ni na raka shi wurin wani tsohon kafinta a unguwarmu. Tsohon ya raba ƙarfe da itace, ya shinshina ƙotar, ya girgiza kai. Shekara da shekaru ana shafa mata baƙin mai don tsoron tsatsa, man ya ratsa har ciki, gam kuwa ba ya kama itacen da ya sha mai. Kwana huɗu ya yi yana kwaɓa garin alli da fetur, ya shafa, ya ajiye a rana. Allin ya bushe ya yi ruwan ƙasa saboda man da ya zuƙo, ya kankare ya sake sabo, har sai da ya bushe fari fat.

Daga nan ya bi tsagar da farce har inda ta ƙare, ya huda ɗan ƙaramin rami a wurin. Na tambaye shi, “Baba, ana gyara kuma ana ƙara ɓarna?” Ya ce tsaga da tsininta take tafiya, idan ta faɗa rami ta rasa tsini sai ta tsaya.

Gam ɗin da ya zaɓa Araldite ne, mai tub biyu da ake haɗawa daidai wa daida. Ya ƙi mai kamawa cikin minti biyar, ya ce wanda ke kwana kafin ya bushe shi ke samun lokacin gangarawa ƙasan tsaga. Ya shafa kakin zuma a gefe da gefe don kada abin da ya tsiyayo ya manne, ya buɗa tsagar kaɗan da tsinke, ya riƙa tura gam yana matsawa yana saki har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Sai ya huda ƙotar a gicciye, ya zura siririyar tagulla da ya yi wa zarge da zarto don gam ya sami abin riƙewa. Ya naɗe wurin tamau da robar tayar keke, wadda ke matse itace ta kowane gefe ba tare da ta bar shaida ba.

Bayan kwana biyu aka kwance. A lokacin ne aka zo ga abin da ɗan Kawu ya so a fara da shi. Inda ƙotar ta lotsa, tsohon ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya danna dutsen guga mai zafi, tururi ya tayar da itacen. Ya bi da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, kullum yana bin tsawon itacen. Fenti kuwa ya ce a'a. Man linsid ya riƙa murzawa da tafin hannu, kaɗan-kaɗan, yana barin kowace shafa ta bushe. Dalilinsa shi ne fenti mai kauri yana rufe sabuwar tsaga har ta girma, mai kuwa yana barin ido ya gani.

Kan tagullar nan yana nan a fili, ɗan ɗigo mai sheƙi kamar ƙwayar gero. Tsohon ya ce zai iya nutsa shi ya rufe, Kawu ya hana. Yana so duk wanda bindigar ta koma hannunsa ya san a nan ta taɓa rauni, ya duba wurin kafin ya ɗura albarushi.

Na lura yawancin abin da muke kira gyara a gidajenmu shiri ne na ranar taro: a shafe bango ana gobe biki, a rufe tsagar da labule. Aikin tsohon nan ya ci kwana goma sha ɗaya, kuma fiye da rabinsu sun tafi ne a kan abin da ba wanda zai gani a filin hawa. Kawu ya yi sallah uku da ita tun daga lokacin. Duk ƙarshen hunturu yakan fito da ita tsakar gida, ya kira ɗansa, ya sa shi ya bi wuyan ƙotar da farce.