Na'urar ribas a tsohuwar jif: abin da take ji da abin da ba ta ji

1/ Jama'a masu tsohuwar jif a gida, Pajero ce ko Prado ko Land Cruiser, ku matso mu yi maganar na'urar nan mai ɗit-ɗit idan an sa ribas. Mun sa wa tamu, na gwada ta son raina, kuma akwai abin da masu sayar da ita ba sa faɗa. Zare ne, a yi haƙuri da tsawonsa 🧵

2/ Tamu Pajero ce ƙirar shekarun 1990, mai safaya rataye a ƙofar baya. Ta girme ni. Baba ya ƙi rabuwa da ita saboda gonarmu ta wajen Bungudu, don da damina ƙaramar mota ba ta shiga hanyar nan. Ƙarfi kam ba a magana. Amma ta baya makauniya ce.

3/ Ka zauna kujerar direba ka dubi madubi. Gilashin baya can sama yake, safaya kuma ta tare wani sashe nasa. Duk abin da bai kai ƙugun babban mutum ba, in dai yana dab da motar, ba ka ganinsa. Shekaru muna haka ba wanda ya damu, don gidan duk manya ne.

4/ Sai matsalar tsaro ta taso Gwaggo daga ƙauyensu a yankin Tsafe, ta dawo gidanmu a Gusau da jikoki biyar. Ƙaraminsu rarrafe yake yi. Mazauna Gusau kun san zancen, gidaje da yawa haka suka cika. Yara kuwa ba inda suke so su yi wasa kamar inuwar mota.

5/ Na ce wa Baba a sa na'ura. Ya ce, "Kai, ina tuƙi tun ba a haife ka ba, ko kaza ban taɓa takawa ba. A huda min bamba a kan me?"
Gwaggo ta ce, "Yaya, lokacin da ba ka taka kazar ba, jarirai nawa ne a gidan?"
Bai ce komai ba. Washegari ya miƙo min makulli.

6/ Da yake fiziks nake karantawa a Jami'ar Tarayya ta Gusau, bari in ɗan yi kuri 😅 Na'urar da sauti take aiki, irin dabarar jemage. Tana sakin ƙara mai kaɗawa kusan sau 40,000 a daƙiƙa. Kunnen mutum iyakarsa wajen 20,000, shi ya sa ba ma jin komai.

7/ Ƙarar ta bugi abu ta dawo, na'urar ta auna lokacin da ta ɗauka. Sauti yana cin kimanin mita 343 a daƙiƙa. In bango yana mita ɗaya a bayanka, zuwa da dawowa kusan kashi 6 cikin 1000 na daƙiƙa ne. Ku riƙe wannan: abin da bai maido da sauti ba, a wurinta babu shi.

8/ A kwalin akwai idanu huɗu, ƙaramin akwati, allo mai ƙararrawa, da bakin huda, yawanci milimita 22. Wuta daga wayar fitilar ribas ake ɗaukowa, sai ka sa giyar baya take tashi. Kuɗinta har da na aiki bai kai rabin na cika tankin motar ba.

9/ Allah ya haɗa ni da mai wayarin mai hankali. Ina ta zumuɗi a huda, ya ce, "Ɗan makaranta, rami in ka huda ba ya komawa." Ya manna idanun da salatif tukuna, ya haɗa waya, ya ce in sa ribas a fili inda ba komai a baya. Tana kamawa ta fara kuka ba tsayawa.

10/ Na ce, "Oga, ko ta jabu ce?" Ya yi dariya ya nuna safaya. Idanu biyu na tsakiya tayar suke ji, suna ɗauka bango ne. Sai da ya ja su gefe ya ɗan sauke su sannan ta yi shiru. Da an riga an huda, da bambar Baba ta samu ramuka shida maimakon huɗu.

11/ Safayar nan tana da wata illa. Ta fi bamba fitowa, na'urar kuwa daga bamba take auno. Allo zai ce saura santimita 40, alhali tayar ta kusa sumbatar bango. Mai Pajero ko tsohuwar Prado ya auna ratar nan da tef ya riƙe ta a kansa.

12/ Sai tsayi. Takardar kwalin ta ce wajen santimita 50 zuwa 60 daga ƙasa. Bambar jif takan fi haka, musamman in an sa manyan tayoyi. In idon ya kalli ƙasa, ƙasar zai yi ta ji. In ya kalli sama, gajeren abu ya wuce shi. Dole ya kalli baya sak.

13/ In bambarka ƙarfe ce, a sa wa kowane ido zoben roba, in ba haka ba ƙarfen yana amsa kaɗawar ta yi ta kukan ƙarya. Akwatin kuma a ɗaure shi a cikin mota, sama-sama. Mu da ke ratsa ruwa da damina mun san dalili.

14/ Yanzu ga ainihin abin da ya sa na yi zaren. Da na dawo gida na kori yara ciki, na sa ƙanena ya riƙa ajiye abubuwa a bayan motar ina kallon allo.
Bango: ta ji shi tun daga mita ɗaya da rabi.
Duro: haka.
Babur a tsaye: haka.

15/ Taɓarya a tsaye, daidai tsakanin idanu biyu: wani lokaci ta ji, wani lokaci shiru.
Kwano a ƙasa: shiru.
Jarka mai lita 25 da na naɗe da rigar sanyi na kwantar: sai da ta zo dab sannan ta yi ɗit ɗaya. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

16/ Dalili a fili yake. Bango mai tauri ne, yana maido da sauti yadda ya je. Tufafi suna shanye shi, abu mai zagaye yana watsa shi gefe, gajeren abu kuma yana ƙarƙashin inda idon ke kallo. Yaro mai rarrafe cikin rigar sanyi ya haɗa duka ukun.

17/ Ga lissafi kuma. In kana ribas da saurin tafiyar ƙafa, kilomita 5 a awa, kana cin kusan mita 1.4 a daƙiƙa. Ko da ta ji abu tun daga mita ɗaya da rabi, daƙiƙa ɗaya gare ka ka taka birki. Yaro da ya rugo da gudu daga gefe ba zai ba ka ko wannan ba.

18/ Ba mu kaɗai ba ne. A Amurka hukumar kiyaye haɗurran hanya ta gwada irin na'urorin nan, ta ce a rahotonta na 2006 ba su da tabbas wajen gano yara. A 2014 ta ƙiyasta mutum 210 ke mutuwa duk shekara a haɗarin ribas, kashi 31 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 5.

19/ Shi ya sa daga Mayun 2018 suka wajabta kyamarar baya a kan kowace sabuwar ƙaramar mota. Dokar da ta jawo haka sunan wani yaro ɗan shekara 2 aka sa mata, wanda mahaifinsa ya taka da jif a ƙofar gida a 2002. Mahaifin likitan yara ne.

20/ Ƙari a kan haka, namu yanayin. Tafiya ɗaya zuwa gona Bungudu, taɓo ya lulluɓe idanun, ko ta yi ta kuka ko ta yi gum. Ƙurar hunturu ma tana taruwa a kai. Tsumma na nan a aljihun ƙofa, a goge kafin a tashi. Cikin karan dawa kuwa kuka za ta yi ta yi, ka ƙyale ta.

21/ To, a sa ko kar a sa? A sa. Ta cece mu daga bango, daga babura a kasuwa, daga ƙofar gida da daddare. Mai hali ya haɗa da kyamara. Abin tsoro ɗaya ne: direba ya saba da ita, ya ɗauka shirunta yana nufin ba kowa a baya.

22/ Dokar gidanmu yanzu, kuma Baba ne da kansa ya kafa ta: kafin a tada mota a zagaya ta da ƙafa, a leƙa ƙarƙashi, a ƙirga yara biyar a tsaye inda direba ke ganinsu, a sauke gilashi, a kashe rediyo. In huɗu aka ƙirga, mota ba ta motsi.

23/ Duka bai fi minti ɗaya ba. Dan Allah ku tura wa duk mai babbar mota a gidan da yara suka yi yawa. Wanda ya sa kyamara a irin jif ɗin nan mai safaya a baya, ya faɗa min inda ya ɗaura ta, ita nake tara wa kuɗi yanzu. Allah ya tsare mana yaranmu, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.