Mako Guda da Padosan

Litinin
Kawu ya sauka gidanmu zuwa ganin likita, ya kuma ce kada a kunna masa fim ɗin zamani, duk harbe-harbe ne. Na lalubo masa Padosan na 1968, wanda Jyoti Swaroop ya ba da umarni. Labarin ba sarƙaƙiya: Bhola (Sunil Dutt), wani sakarai mai zuciyar kirki, ya faɗa son Bindu (Saira Banu) da ke gidan da ke kallon nasu. Ita waƙa ce ke tafiya da hankalinta, shi kuwa in ya buɗe baki ko akuya sai ta bar unguwar.

Talata
Mun iso wurin taga. Bhola na tsaye yana motsa leɓe, amininsa Guru na laɓe a bayansa yana zuba waƙar. Guru ɗin Kishore Kumar ne da kansa, mawaƙin da jarumai da dama suka ci suna da muryarsa. A nan daɗin fim ɗin yake. Haka ake yin kusan kowane fim ɗin Indiya: wani ya rera a situdiyo, wani ya sha tafi. Padosan ya yaye wannan labule, ya mai da sirrin sana'ar abin dariya, ya kuma nuna mana fuskar mai muryar.

Laraba
Ba wuta, sai hira. Kawu ya ce: "Ɗan nan, zamanin da muke cika sinimar Plaza ba wanda ke jin Indiyanci, amma mu fito muna rera waƙar har gida."

Alhamis
Yau karon waƙa ne. Master Pillai (Mehmood), malamin kiɗan Bindu kuma abokin takarar Bhola, ya kara da Bhola da Guru a "Ek Chatur Naar". Manna Dey ne ya yi wa Mehmood murya, kiɗan na R. D. Burman. Pillai na bin ƙa'idar waƙar gargajiya daki-daki, Guru na yi mata ɓarin makauniya da gangan. Kawu ya yi dariya har da hawaye. Ni dai kwaikwayon mutanen kudancin Indiya da Mehmood ya yi ya ɗan tsaya mini, don ba'a ce da yare da shigar wasu.

Juma'a
Asiri ya tonu, Bindu ta yi fushi za ta auri Pillai, sai Guru ya shirya wa Bhola mutuwar ƙarya, ta zo tana kuka, aka daidaita. Ƙanwata ta ce ai Kannywood ma haka ne, Nura M. Inuwa ko Fati Nijar su rera, jarumai su taka. Kawu ya gyaɗa kai: "To 'yar nan, in kin ji waƙa ta ratsa ki, ki riƙa tambayar wa ya yi ta."